Tiya ko tari? Cacar baki bayan wasan rufe dandali

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A madadin shugaba da sauran 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garinmu, ina sanar da ku cewa wasan daren Asabar shi ne na rufe dandali a bana. Mun naɗe tabarma sai bayan kaka, in Allah ya kai mu da rai da lafiya. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, rabin 'yan wasanmu na sharar gona, wasu na jigilar taki da amalanke, mai fitowa a mai gari ma har ya yi binne. Wanda ya wuni yana saran sabara a rana ba ka isa ka ce ya zo gwaji bayan isha'i ba. Wasa 9 muka yi daga Disamba zuwa yanzu, 6 a filin firamare, 3 a ƙauyukan maƙwabta, ban da watan azumi da muka bar wa yara 'yan tashe fili. Muna godiya ga hedimasta da ya ara mana bencina, da masu kalangu, da duk wanda ya biya kuɗin ƙofa, har da waɗanda suka hau katanga suka kalla a ɓagas. Mun gan ku.

Mai Shayin Tasha:
Sannunku da ƙoƙari. Ni dai inda na kusa shiɗewa da dariya ba ya ma cikin wasan. Lokacin da iska ta taso ta kwashe zanar da kuke sauya kaya a bayanta, sai ga amarya da gashin baki, ta tattare zane tana shan rake. Wallahi a nan kuɗina ya fita.

Ɗan Ci-rani a Legas:
Kai, kun sa ni kewar gida. Sakatare, a ɗan ba mu labarin wasan mana, mu da muke nesa.

Sakataren Ƙungiya:
Labarin wani manomin riɗi ne da hatsinsa ya ƙare a tsakiyar damina, lokacin da gero ya yi kai amma bai nuna ba. Ya je wurin dillali ya ci bashi a kan zai biya da riɗi in kaka ta yi, abin da dattawa ke kira falle. Da kaka ta zo dillali ya iso da tiyarsa, wadda aka bubbuge gindinta har ta yi ciki. Ana awo buhu na cika, lissafi ba ya cika. Ƙarshe matar manomin ce ta ɗauko tata tiyar ta awon gero, aka juye a gaban mai gari, asiri ya tonu.

Ɗan Gidan Alhaji:
Salamu alaikum. Tun jiya nake danne zuciyata, amma tun da an buɗe maganar bari in faɗi tawa. Sakatare, ka ba da labari ka tsallake inda ƙayar take. Mutum nawa ne a garin nan ke sayen riɗi? Ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. A cikinsu wane ne yake tari sau biyu kafin ya faɗi farashi? Wane ne yake karkata hula hagu, yana jan ƙafar dama? Yaro ɗan shekara bakwai ma ya san mahaifina ake nufi. Mutumin da ya haifi wasunku, ya sha ba da gudummawa in za ku fita wasa ƙauye. Wannan ba wasa ba ne, cin mutunci ne da aka yi wa kwalliya da kalangu.

Mai Shayin Tasha:
To fa. Ana wata ga wata.

Mai Fitowa a Dillali:
Yaya, Allah ya huci zuciyarka. Ko sau ɗaya ba a ambaci sunan Baba Alhaji a dandali ba. Dillalin ma ba mu raɗa masa suna ba, dillali kawai ake ce masa daga farko har ƙarshe. Wanda ya tsargu kuma, ai ka san sauran karin maganar.

Ɗan Gidan Alhaji:
Ka ji irinta ko? Ni za ka yi wa habaici? Ina goye da kai aka yi maka kaciya.

Malamin Hausa na Sakandare:
Ku dakata, kada a ɓata zumunci a kan abin da ya girme mu duka. Kwaikwayon manya ba yau aka fara shi a ƙasar Hausa ba, kuma ba daga Turawa muka koya ba. A gidajen sarauta a da akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke shiga irin ta sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke hukunci, don sarki ya ga kansa a madubi. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa nasu sarkin da alƙali da 'yan doka, su yi shari'a ana dariya. 'Yan kama kuwa malamai suke kwaikwaya, su ɗauko muryar wa'azi su cika ta da zancen tuwo da miya. Shi kansa tashe da yaranmu ke farawa idan azumi ya kai goma, me ake yi a ciki in ba kwaikwayon tsoho da malami da boka da gwauro ba? A Kano har sarautar Nalako akwai saboda gwagware. Malam Aminu Kano ma tun yana matashi ya rubuta wasanni yana sukar zalunci da cuta a kasuwa. Saboda haka in wasa ya taɓa mai sayen riɗi, aikinsa ya yi.

Ɗan Gidan Alhaji:
Malam, da girmanka. Yaron da ya manna gemun auduga a tashe, tsohon wane gida yake nufi? Ba na kowa ba. Shi ya sa kowane tsoho ke dariya har ya ba shi sadaka. Da a ce yaron ya ɗauko tafiyar kakan wani takamaimai, ya je ƙofar gidansu yana yi, da ba sadaka zai samu ba.

Malamin Hausa na Sakandare:
Wannan kam ka kama ni. Akwai gaskiya a nan.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Ban halarci wasan ba, ba na fita kallo, amma almajiraina sun kawo min rahoto filla-filla, har da abin da ban tambaya ba. Abu biyu ne a nan, kada a cakuɗa su. Tauye mudu Allah ya saukar da sura guda a kansa, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe da narkon azaba ga masu cika awo idan su za su karɓa, su tauye idan su za su bayar. Mutanen Annabi Shu'aibu ma da wannan laifin aka kama su. Duk wanda ya tunatar da jama'a wannan, ko da kalangu ne, ban ce ya yi laifi ba. Amma a Suratul Hujurati an hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Tiya hali ce, mutum na iya canja ta gobe da safe. Tari da ɗingishi kuwa ba shi ya ɗora wa kansa ba. Kun haɗa abin da ya halatta ku soka da abin da bai halatta ku taɓa ba, kuka zuba a ƙwarya ɗaya.

Mai Fitowa a Dillali:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah. A gwaji babu tarin. A wasan da muka yi a ƙauye wata biyu da suka wuce ma babu shi. Ranar Asabar ina tsaye da tiya a hannu, ƙura ta shige min maƙogwaro na yi tari, sai fili ya ɗauki ihu. Na ji daɗin ihun, na ƙara na biyu da gangan. Daga nan kuma ƙafa ta bi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku suna dariya ba bai san yadda abin ke jan mutum ba. Tarin laifina ne. Tiyar kuwa ba zan janye ba, don gidanmu an taɓa auna mana riɗi da irinta, ina gani babana ya yi shiru saboda bashi ya ɗaure masa baki. Ban ce wane ne ya auna ba.

Tsohon Ɗan Wasa:
Yaro, ka yi abin kirki da ka amsa. Amma ni duk ba nan matsalar take ba a wurina. Mun yi abin da ya fi wannan. Tun kafin a yanke mana Jigawa daga Kano a 1991 muke wasa a filin nan, da fitilar aci-balbal da ganga ɗaya. Mun taɓa kwaikwayon wani mai karɓar haraji yana zaune a layin gaba, har salon yadda yake lasar fensir. Ya yi fushi kwana biyu, ranar kasuwa muka sha fura tare, magana ta mutu. Me ya sa ta mutu? Saboda a filin aka yi ta, a filin aka bar ta. Waɗanda suka gani sun san shi, sun san mu, sun san har bikin 'yarsa mu muka yi masa kiɗa. Yanzu ku gaya min, wa ya ɗauki wasan Asabar a waya ya watsa?

Ɗan Gidan Alhaji:
Yauwa Kawu, ka zo wurin. Ranar Alhamis Baba ya je kasuwar Maigatari. Yana shiga layin 'yan riɗi wasu samari da bai taɓa gani ba suka fara tari bibbiyu. Har wani baƙo daga tsallaken iyaka ya nuna masa wayar yana tambaya wai shi ne? Dattijo ya dawo gida ko abinci bai ci ba.

Mai Shayin Tasha:
Subhanallahi. Wannan kam ba daɗi. Na janye dariyata, rabi.

Ɗalibi a BUK:
Ni na ɗauka, ni na ɗora a TikTok da Facebook, ba zan ɓoye ba. Minti ɗaya da rabi ne kawai, wurin awon. Niyyata a san da ƙungiyar. Ku yi min adalci, shekara nawa kuna wasa, wa ya san ku bayan Gumel? Masana'antar finafinan Hausa da ake taƙama da ita daga ƙungiyoyin dirama irin taku ta tashi. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce a Kano ta yi Turmin Danya a 1990, daga nan kasuwar bidiyo ta buɗe. Marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan ƙauye ne, daga Ɗanlasan, da a dandali ya tsaya wa zai san shi? Kuna rufewa duk damina, wata biyar ko shida ba ko kwabo. Da kuna da tasha a YouTube, kuna gona ana kallonku.

Tsohon Ɗan Wasa:
Ɗana, ba na musun tarihin da ka kawo. Mu ma mun yi layi a gidan mai talabijin muna kallon Samanja da Ƙasimu Yero, mun ga lokacin da gwamnatin Rimi ta buɗe CTV a Kano 'yan dirama suka samu wurin fita. Amma wanda zai fito a talabijin ya san ƙasa duka zai yi wa magana, saboda haka yakan auna bakinsa. Yaron nan da ya yi tari, garinsu yake wa magana. Kai ka ɗauki zancen tsakar gida ka kai shi kasuwa ba ka tambayi masu gidan ba. Kuma ka yanke minti ɗaya da rabi. Ina wurin da dillalin ya dawo ya biya manomin, aka yi sulhu a gaban mai gari? Wanda ya gani a Maigatari ɓarawo kawai ya gani mai tari.

Ɗalibi a BUK:
Kawu, mutane ba sa kallon abu mai tsawo a waya. In ka sa awa guda ba mai buɗewa.

Tsohon Ɗan Wasa:
To ka ga ashe ba wasanmu wayar ke so ba, guntunsa take so.

Ɗan Ci-rani a Legas:
Ni fa kada ku kashe min waya gaba ɗaya. A ƙarƙashin gada nake kwana ina gadin kaya, wannan ɗan guntun bidiyon sau goma na kalla, don na hango katangar firamarenmu da bishiyar maina. Mu da muke waje mu ma 'yan gari ne. In za a hana, a san yadda za a yi da mu.

Malamin Hausa na Sakandare:
Akwai hanya ta tsakiya. Tun shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ke shiga Samaru da ƙauyukan kewayen Zariya, su zauna da manoma su ji damuwarsu, a gina wasa a kai, in an gama kuma a zauna a tattauna da 'yan kallo. Wannan zaman na bayan wasa shi muka rasa. Ranar Asabar iska ta tarwatsa mu kowa ya ruga gida. Da an zauna, da manoma sun faɗi nasu, masu saye su ma sun faɗi nasu, don su ma suna da abin cewa: wanda ya ba da kuɗi a watan Agusta bai san farashin da kaka za ta zo da shi ba, wani ya ci bashin ya sayar wa wani a ɓoye, wani ya cakuɗa riɗin da yashi. Batun ɗauka kuma, a bar ƙungiya ta ɗauka da kanta, ta duba, ta fitar da abin da ta yarda da shi.

Gwaggo:
Ni ce Gwaggo ta bayan masallaci, jikata ke rubuta min. Tun ɗazu ake karanto min surutunku, maza kuna ta shari'ar tari. Alhaji ɗaya aka kwaikwaya gari ya ɗauka. Mu fa? Shekara da shekaru ƙato zai ɗaura zane ya cusa tsumma, ya fito yana murguɗa baki yana tafa hannu, wai shi mace. Kullum mace ko mai masifa, ko mai kai gulma, ko mai bin boka. Wa ya taɓa zuwa ya ba mu haƙuri? Bana ne kaɗai na ga an yi mace mai hankali, wadda ta kawo tiyarta, ita ma da muryar gardi. Kuma ku gaya wa wanda ya fito a ita, ba haka ake riƙe tiya ba, kamar ya ɗauko tukunyar wuta. In ba za ku sa mata ba, ku zo mu koya muku.

Mai Shayin Tasha:
Gwaggo ta shigo, kowa ya gyara zama!

Sakataren Ƙungiya:
Gwaggo, ranki ya daɗe, ba ƙi muka yi ba. Wane uba ne a garin nan zai bar 'yarsa ta fito dandali da dare? Shekara biyu da suka wuce mun nemi 'yan mata biyu, iyaye suka ce in sun fito wa zai aure su.

Gwaggo:
Ban ce 'yan mata ba. Mu da muka aurar da jikoki wa zai hana mu aure? Ku yi wasa ɗaya da la'asar a gidan mai gari, na mata zalla, ku gani in ba a cika ba. Malam ya ce matan sarki ma sun yi. Kuma ku daina ajiye mu a can baya kusa da janareto, ba abin da muke ji sai ƙara da hayaƙi.

Mai Janareto:
Tun da an ambace ni. Sakatare, ina bin ƙungiya kuɗin mai na wasa biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 nake ce muku ku haɗa kuɗi ku sayi fitilun sola da batir na lasifika, ku huta ni ma in huta. Kuɗin ƙofa naira 200, rabin fili 'yan katanga, a ina za a fita?

Ma'aji:
Za a biya ka kafin Juma'a in sha Allahu. Abin da ya rage a asusu zan karanta a taron rufewa gaban kowa, ba a nan ba. Batun sola yana cikin abin da za a tattauna.

Ɗalibi a BUK:
Na sauke bidiyon daga shafukana yanzu. Amma gaskiya mutane sun riga sun kwafa, yana yawo a WhatsApp, wannan ba ni da iko a kai. Yaya, ka ba Baba Alhaji haƙuri kafin in zo da kaina. Sai dai ina nan a kan bakana cewa baɗi ya kamata a yi tasha, ko da sharaɗin da Malam ya faɗa ne.

Tsohon Ɗan Wasa:
In za a ɗauka, a sanar da 'yan wasa tun kafin su fito, kuma a ɗauka har ƙarshe. Ni dai ina tsoron ranar da yaranmu za su daina kallon jama'a su koma kallon waya. Ɗan wasa da idon 'yan kallo yake sanin inda zai ja da inda zai sassauta.

Alaramma:
Gobe bayan la'asar shugaba da sakatare da yaron da ya yi tarin da ɗalibin nan su same ni, mu tafi gidan Alhaji tare. Ba da taro ba. Masu sayen riɗi kuma, ba shi kaɗai ba, zan yi magana da mai gari a samu tiya ɗaya ta gari da kowa ya yarda da ita kafin kaka. Wannan ba sai an jira wasan baɗi ba.

Ɗan Gidan Alhaji:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na karanta wa Baba duk abin da aka rubuta. Ya yi shiru, can ya ce a gaya muku tarin nasa ne, ƙafar ma tasa ce, amma tiyar ba tasa ba ce, duk mai shakka ya zo da tasa a gwada a ƙofar gida. Ya ce ku zo, ƙofa a buɗe take. Sannan ya ce in tambaya, babbar rigar da dillalin ya sa, shuɗiya mai aska biyu, a ina kuka samo ta? Tun sallah ƙarama yake nemanta.

Mai Fitowa a Dillali:
Innalillahi. Ƙaninka ne ya kawo mana, ya ce tsohuwa ce Baba ya daina sawa.

Mai Shayin Tasha:
Wayyo cikina! Ashe ba tari ne ya tona ku ba. Mutum ya ga rigarsa tana tauye mudu a waya!

Ɗan Gidan Alhaji:
Bari yaron ya dawo daga gona.

Mai Fitowa a Dillali:
Zan kai wa mai wanki yau, a buga ta, gobe in zo da ita a hannu. Akwai ɗan wurin da ta yage a hammata lokacin da mai gari ya sa aka kama ni, tela zai ɗinke.

Gwaggo:
Maganata fa kada a bar ta a nan. Sakatare, ka rubuta.

Sakataren Ƙungiya:
Na rubuta, Gwaggo, ita ce ta biyu bayan sola. Jama'a, yayyafi ya fara a nan unguwar gabas, kuma bencin firamare 14 na nan a fili tun Asabar ba wanda ya mayar. Hedimasta ya kira ni sau uku. Duk ɗan ƙungiyar da ke kusa ya fito yanzu, mai amalanke ya taho da ita.